Hular Bakwaini: Littafin Saƙarmu a Aboabo

Lahadi, 4 ga Agusta, 2024

Yau na buɗe wannan littafi don in riƙa ajiye lissafin aikin, kada mu yi nisa mu manta inda muka faro.

Asalin abin daga ƙanwata ne. Cikin azumin bana ta haihu, ciki yana mako 31, yarinya ta zo da nauyin kilo 1.4. Kayan jarirai kam mun tara tun da wuri, akwati guda, amma ranar da nas ta ce a kawo hula, duk wadda muka ɗauko sai ta haɗiye kan yarinyar ta sauko har kan hanci. Na zaga kasuwar Kejetia, na zaga shagunan Adum a nan Kumasi, babu. Masu kaya suna miƙo mini suna cewa wannan ce ƙarama, kuma gaskiyarsu ne, ta ɗan wata tara ce. A daren na zauna da kwarashina da guntun ulun da ya rage mini daga wani shawul, na saƙa hula ina kintatar girman kan da tafin hannuna. Ta ɗan yi yawa, amma ta zauna.

Kwana 26 suka yi a asibiti. Kusan kullum sai wata mai jego ta tare ni a bakin ɗaki: "Anti, don Allah ina kika sayo wannan?" Na saƙa wa mutum uku, sauran ban samu iko ba, ga jinya ga azumi. Yarinyar yanzu ta kusa wata biyar, ta yi kumatu, Alhamdu lillahi. Amma tambayar matan nan ba ta bar ni ba har yau.

Abin da na ƙudura: hula 100, safa ƙafa 50, da ƙananan barguna 10, a kai su ɗakin bakwaini kafin 17 ga Nuwamba, ranar da a bana duniya za ta tuna da jariran da suka zo kafin lokaci. Ni kaɗai ba zan iya ba. Na yi wa matan makarantarmu ta dare magana, shida sun amsa.

Asabar, 10 ga Agusta

Na shiga Kejetia neman zare, wurin wata mai sayar da zare da nake kira Maame, wadda nake ciniki da ita tun ina amarya. Tun da aka koma sabon ginin kasuwar sai na ɗan yi lalube kafin in gano rumfarta. Ta zube mini iri-iri: mai ƙyalli, mai gashi-gashi kamar jikin kyanwa, mai kauri na jakunkuna, da siririn da ake adon bakin mayafi da shi. Na ce mata auduga nake so, mai laushi.

Takardar da ke naɗe da zare ba kullum take faɗin gaskiya ba, wani ma ba shi da takardar. Don haka na roƙi guntu-guntu na gwada da ashana a gefen rumfa. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi da za ki murje da yatsa. Zaren roba kuwa narkewa yake yi, ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai tauri. Bayan wuta sai gwajin wuya: in goga zaren a ƙarƙashin haɓata, in ya yi mini kaushi ko kaɗan, to ba zai je kan bakwaini ba.

Na ɗauki curi goma sha biyu masu giram 50, da kwarashi huɗu masu lamba 3 da 3.5. Da Maame ta ji abin da za a yi da su, sai ta yi shiru, ta ƙara mini curi biyu ta ce kada in biya. Ta ce ita ma ta taɓa zama a irin ɗakin nan, shekaru da yawa da suka wuce. Ban tambaye ta yadda aka ƙare ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Laraba, 21 ga Agusta

Gara da na je kafin mu fara da yawa.

Na saƙa hula shida na gwaji, na kai wa wata nas 'yar Zango da muka saba da ita lokacin jinyar ƙanwata. Sista nake ce mata. Na zuba duk iyawata a hulunan nan: ɗaya da tuntu a tsakiya, ɗaya da fure a gefe, ɗaya da kirtanin ɗaurewa a haɓa, biyu da saƙar raga mai ƙananan tagogi, irin wadda ake yaba mini a gidan suna. Ta shida ita ce mara ado, wadda na yi a gurguje don su cika.

Sista ta ɗauki mai ragar ta zura ƙaramin yatsanta a cikin rami ɗaya, ta ɗaga mini. Ta ce, "Hajiya, yatsana ya shiga, balle nasu?" Yatsan bakwaini bai kai tsinken ashana biyu a haɗe ba. In ya shige rami ya murɗe, ko silin zare ya naɗe shi, jini sai ya daina kaiwa, kuma yaron ba shi da ƙarfin kukan da zai sa a lura da wuri. Kirtani a haɓa kuwa ko kusa, saboda wuya. Tuntu da fure suna da nauyi, suna zubar da gashi, kuma ga robar abinci a hanci, wani ga ta iska. Maɓalli da duwatsun ado ba a ma maganarsu. Cikin shida, guda ɗaya ta karɓa, mara adon nan. Ita ma ta juya cikinta ta nuna mini ƙullin da na yi inda na ƙare, ta ce wannan ɗan ƙullin zai kwanta a fatar kai ya bar shaida, domin fatarsu kamar bayan albasa take.

Raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye ba, shekara ashirin ina saƙa. Amma ta ja ni bakin gilashi ta ce in duba. Gani ya kori ji. Lokacin ƙanwata idona a kan 'yarmu kaɗai yake, yau ne na kalli ɗakin gaba ɗaya. Wani yaro a cikin kwalba, ƙirjinsa yana hawa da sauka da sauri kamar na ɗan tsako, an naɗe masa kai da bandeji saboda babu hular da ta yi masa daidai.

Ta yi mini bayanin dalilin hular. Zafin jikin jariri ana so ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Bakwaini ba shi da isasshen kitse a ƙarƙashin fata, ba ya iya karkarwar da mu muke yi jiki ya ɗumama, kuma kansa babba ne in an kwatanta da sauran jikin, don haka ta nan zafi yake tserewa. Mutum zai ce ai Kumasi ba garin sanyi ba ne. To ɗakin da ni nake jin daɗinsa da fanka, ga ɗan kilo ɗaya hunturu ne. In ya yi sanyi, ɗan abincin da ya samu sai ya tafi wajen ɗumama jiki maimakon girma, sukarin jininsa ya faɗi, numfashi ya rikice.

Ta rubuta mini awo uku na zagayen kai: santimita 25, 28 da 31. Ta ce na tsakiyar za a fi buƙata.

Lahadi, 25 ga Agusta

Zaman farko, a tsakar gidan Hajiya babba bayan la'asar. Mu bakwai, har da tela ɗaya wadda ba ta taɓa riƙe kwarashi ba, da 'yan mata biyu da suka gama sakandare suna jiran sakamako.

Na ajiye tsarin a nan don wadda za ta shigo daga baya. Daga tsakiyar kai ake farawa. Zobe ƙarami, a zuba doguwar saƙa 12 a ciki, a ja bakin zaren har ramin ya rufe ruf. Zagaye na biyu a ninka, 24. Na uku 36, in ana son babba a je 48. Ana ƙari har faifan ya kai faɗin da ake so, daga nan a daina ƙari, a yi ta zagayawa, hular da kanta za ta lanƙwaso ta zama ƙoƙo. Lissafin faifan ba wuya: a raba zagayen kai gida uku da ɗan ɗori. Kai mai 25 faifansa 8 ne, mai 28 faifansa 9, mai 31 kusan 10. Kada a dogara da ƙidayar ido kaɗai, domin hannu ya bambanta. Ni hannuna yana matsewa, na Hajiya babba yana saki, in muka bi ƙidaya ɗaya tata sai ta fi tawa da yatsa biyu. Tef shi ne alƙali.

Ba a ƙulli. In zare ya ƙare, a bar jela mai tsawon yatsa, a saka ta cikin saƙar da allura, gaba da baya, sannan a yanke.

Don gwaji na tsaya wurin mai lemo na zaɓi uku da tef a hannu, tana kallona tana mamaki. Babban lemo mai zagaye 25 shi ne kan ƙaramin cikinsu. Da na ɗora shi a tafin hannun telarmu na ce ga kan ɗan mutum, sai ta ce "Subhanallahi," ta daɗe tana riƙe da shi.

Mun yanke kowace za ta riƙa kawo sidi biyar duk mako na zare.

Alhamis, 5 ga Satumba

Hula 19. Curi ɗaya yana ba ni uku, wani lokaci huɗu in ƙanana ne. Na warware biyar na 'yan matan saboda idon ya yi faɗi, na sauya musu kwarashi zuwa lamba 3. Ba su ji daɗi ba, amma sun sake. Ruwa ya dawo, jiya a ɗaki muka yi zaman.

Lahadi, 22 ga Satumba

Hula 41, safa ƙafa 9. Safa ta fi hula cin rai, diddigen nan ɗan mitsitsi sai an natsu.

Amma abin da nake so in rubuta yau hirarmu ce da Kaka, surukar Hajiya babba, wadda ke zama a kan tabarmarta kusa da mu tana jan carbi tana saurare. Yau ta sa baki. Ta ce a gidansu da can, in aka haifi bakwaini auduga ake samu a naɗe shi, a hura gawayi a ɗaki, a rufe ƙofa, ba mai ganinsa sai ya cika watanninsa. Ta ce kuma sananne ne ɗan wata bakwai yana rayuwa, ɗan wata takwas ne ba ya yi.

Na ce, "Kaka, ku kuka riga mu sanin cewa ɗumi shi ne magani, a nan ba mu da abin da za mu koya muku." Sai dai gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba a gani ba a jin warinta, tana kashe babba ma balle jinjiri. Maganar wata takwas kuwa, na faɗa mata abin da likitoci suka tabbatar: kowane mako da yaro ya ƙara a ciki riba ce, huhunsa yana ƙara nuna, don haka ɗan wata takwas ya fi ɗan bakwai ƙarfi. Na damu da wannan magana domin na taɓa jin an faɗa wa wata mai jego ita a gabanta, ta sare tun yaron yana da rai. Kaka ta ce, "To, Allah ne masani." Na ce haka ne.

Daga nan muka shiga batun goyon ƙirji, wanda asibiti ke kira kangaru. A tuɓe yaro daga shi sai nafkin da hula da safa, a kwantar da shi tsaye tsakanin nonon uwa, fata da fata, kansa a juye gefe, a ɗaure da zani. Jikin uwa ya zama kwalbar. A birnin Bogota na ƙasar Kolombiya aka faro shi a 1978, wani likita Edgar Rey Sanabria, saboda kwalabe sun yi musu kaɗan har ana haɗa jarirai a guda. Abin da ya fi burge ni shi ne garinmu yana da hannu a ciki. Babban binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta, wanda aka fitar a 2021, a ƙasashe biyar aka yi shi: Ghana, Najeriya, Indiya, Malawi da Tanzaniya, kuma na Ghana a nan asibitin koyarwa na Komfo Anokye aka yi, wanda muke kira Gee. Jarirai sama da 3,200 masu nauyi daga kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8. Waɗanda aka ɗora a ƙirji nan take, ba a jira sai sun murmure a kwalba ba, mutuwarsu cikin kwana 28 na farko ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. A Nuwamban 2022 hukumar ta mayar da shi shawararta ga duniya: a fara da zarar an haihu, a yi aƙalla awa takwas a yini, in an samu fiye ya fi. Wato matan Kumasi da suka zauna da 'ya'yansu a ƙirji suna cikin waɗanda suka sauya yadda ake renon bakwaini ko'ina.

Kaka ta ce ita goyo a baya ta sani, kuma mace ta zauna ƙirji a buɗe cikin mutane? Wannan tambaya ce ta gaskiya, ƙanwata ma abin da ya fara damunta ke nan. Telarmu ce ta kawo mafita. Ta ce za ta ɗinka majanyi na gaba, yadin auduga mai faɗi da dogayen hannuwa biyu da za a zagayo a ɗaure, mace ta ɗora riga mai buɗewa ta gaba da mayafinta, ba abin da zai bayyana sai saman hula. Ta ce saƙa ta gagare ta, amma wannan aikinta ne. Na ƙara musu da cewa mijin ƙanwata ma ya yi, yana karɓarta in za ta yi wanka ko salla. Kaka ta riƙe baki.

Tun daga yau na daina kallon hular a matsayin abu mai zaman kansa. Ƙirjin uwa yana rufe ko'ina, kai ne kaɗai ke leƙowa waje. Wurin da ya rage ɗin nan shi muke rufewa.

Talata, 1 ga Oktoba

Hula 52. Wuyan hannuna na dama yana ciwo, na koma zagaye goma in huta in miƙe yatsu. An ɗauke wuta daren jiya, na gwada da fitilar waya, da safe na ga na tsallake ido uku. Farin zare da daddare ba ya yiwuwa, na bar shi sai da rana.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Yau mun yi asara, kuma laifina ne, domin ban faɗa tun farko ba.

Ɗaya daga cikinmu, wadda ta fi kowa sauri, ta kawo hula 16 da ta tara, saƙa mai kyau ƙwarai. Tana buɗe leda wari ya bugo ni: kafur. Ta adana su ne a akwatin zannuwanta don kada ƙura ko kyankyaso su taɓa su, da ƙwayoyin kafur a ciki, kamar yadda iyayenmu suka saba. Niyyarta tsafta ce.

Na kira Sista a waya a gabansu, na sa kowa ya ji. Ta ce kada ko ɗaya ta shigo ɗakinsu. Akwai jarirai da yawa a yankinmu na Afirka ta Yamma da ake haifa da wani rashi a jini, G6PD ake kiransa, ya fi yawa ga maza, kuma ba a gane shi da ido. Irin wannan yaro in ya shaƙi kafur ko ya taɓa fatarsa, ƙwayoyin jininsa sai su farfashe, shawara ta taso masa, ido da jiki su yi ruwan ɗorawa. In ta yi tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa. Bakwaini kuwa dama hantarsa ba ta gama ƙwari ba. Na tambaya ko wanki zai fitar, ta ce warin yana maƙalewa a zare, ita ba za ta yi caca da ɗan mutane ba.

Baiwar Allah nan ta yi kuka. Mako uku na aikinta. Sannan ta ce ai ita duk 'ya'yanta da kafur ta adana kayansu, na biyun ya yi shawara har aka kwantar da shi a ƙarƙashin fitila, ba wanda ya taɓa gaya mata dalili. Hajiya babba ta tashi a take ta shiga ɗaki ta kwashe na akwatin jikanta.

Doka daga yau: ba kafur, ba turaren wuta, ba turaren fesawa, ba hoda. Na san hannunmu ya saba, kayan jariri ba a turara ba kamar ba a gama ba ne. Amma huhun da bai nuna ba ba ya son hayaƙi ko mai ƙamshi ne. Duk abin da aka gama a sa a leda mai tsabta a kawo gidana.

Hulunan 16 ba za a zubar ba. Za mu warware mu saƙa abin sauke tukunya mu sayar, kuɗin ya koma zare. Lissafi ya sauko daga 70 zuwa 54.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Maƙwabciyar telarmu ta haifi tagwaye maza ranar Lahadi, ciki bai wuce mako 27 ba. Muka wanke ƙananan hula biyu muka aika washegari. Ranar Laraba Allah ya karɓi ɗaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mun je gaisuwa. Uwar tana asibiti wurin ɗayan, kakar yaran muka samu. Ta ce da aka zo shirya shi uwar ta roƙi a ba ta hular, tana cikin jakarta.

Hula 71. Ban iya saƙa ba jiya.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Ranar wanki. Tun da hantsi muka ɗora ruwa. Sabulu mara ƙamshi, ruwa mai zafi, ɗauraya uku har ruwan ya fita garau. Ba a murɗe saƙa, matsewa ake yi cikin tawul. Mun shimfiɗa farin zani a kan tebur a rana muka jera su, ba a igiya ba, don kada su miƙe awon ya lalace. Sai da muka sa yaro gadi saboda kaji da ƙudaje. Da suka bushe muka bi da dutsen guga sama-sama, kowace ta wanke hannu kafin ta taɓa.

Auduga tana ɗan shiga bayan wankin farko, na san da haka, shi ya sa na sake auna kowace ɗaya. Bakwai daga cikin masu 28 sun koma kusan 26, muka mayar da su layin ƙanana. Kowace hula da ledarta, an rubuta awon da babban baƙi a waje don nas ta ɗauka ba sai ta buɗe ba.

Hula 96, safa ƙafa 33, bargo 6, majanyi 12. Bargunan ba za su kai goma ba, na haƙura. Saƙarsu a matse take, guda ɗaya yana cin zaren hula goma, kuma Sista ta ce majanyin ya fi musu amfani. Abin sauke tukunya ya sayu duka a makaranta, har ana tambaya. Da kuɗin na sayo zare launin shunayya, shi ne launin ranar bakwaini, za mu cike sauran da shi.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Jiya muka kai. Hula 103, safa ƙafa 38, bargo 6, majanyi 12. Mu huɗu muka je a pragya, wato keke mai ƙafa uku, kaya a cinya. Mutum biyu aka bari suka shiga, bayan mun cire takalma mun wanke hannu har gwiwar hannu.

An yi ɗan taro na iyaye mata, wata likita ta yi jawabi da Turanci da Twi, Sista ta mayar da Hausa. Ta ce a duniya kusan jariri ɗaya cikin goma yana zuwa kafin mako 37, a shekarar 2020 kaɗai kimanin miliyan 13.4. Na ga wata yarinya mai jego, ba za ta wuce shekara sha tara ba, ta ɗago kai da ta ji wannan. Daga baya ta ce mini ita ta ɗauka wani laifi ta yi, don a gidan mijinta ana ta cewa ba a taɓa haifar irin wannan a danginsu ba.

Ita aka fara ɗaura wa majanyin. Telarmu ce ta ɗaura da hannunta, Sista tana gyara kan jaririyar don hanci ya samu hanya. Aka ɗauko hula mai 28, ruwan madara, ta wadda kafur ya ɓata wa aiki ce, cikin sababbin da ta sake. Ta zauna daidai, ta rufe kunne, ba ta taɓa gira ba. Uwar ta ja mayafinta ta rufe, ta sunkuya tana kallon cikin rigarta. Ta ce, "Mma, ina jin numfashinta."

Gyara biyu daga Sista. Bakin safa ya ɗan matse a wasu, a sassauta, kada ya bar zobe a ƙafa. Hannuwan majanyi kuma a ƙara musu tsawo saboda mata masu jiki. Ta ce hular da aka ba yaro tasa ce, da ita zai tafi gida, ba a mayar wa wani. Wato 103 ɗin nan ba za su daɗe ba.

Lahadi, 1 ga Disamba

Iska ta fara juyawa, da asuba akwai sanyi-sanyi, leɓe ya fara bushewa. Hunturu yana hanya, kuma lokacin ne waɗanda aka sallama gida suka fi shan wuya, musamman in aka dage sai an yi musu wanka da sassafe. Mun roƙi malamar makarantarmu ta ba mu minti goma ranar Asabar ta sama, bayan an gama zaɓe, mu yi wa mata bayanin kafur da goyon ƙirji. Ta amince.

Mun zama goma sha ɗaya. Kaka ta ce a kawo mata zare ta riƙa naɗe mana curi, idonta ba ya ganin saƙa amma hannunta yana aiki. Sabon buri: hula 30 duk wata, rabi masu 28.

Telarmu ta zo da labari. Ɗan tagwayen da ya rage yana nan, ya fara kama nono da kansa, an rage ba shi da ƙaramin kofi, ana maganar sallama in ya ƙara nauyi kaɗan. Uwar ta aiko a gaya mini hularsa ta matse. Sista ta auna, kan ya kai 29. Ina da ragowar shunayya rabin curi, faifai 9 da ɗan ɗori, in na idar da isha'i zan fara.